Shin dodon koɗi da tsutsar laka za su iya nuna ko maganin feshi ya shiga ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar muhalli, kuma aikina a kan magudanan ruwan noman rani na Kadawa ne a jihar Kano. Manoman tumatir da shinkafa suna feshi sosai, amma kuɗin kai ruwa gwaji a na'urar GC-MS, wadda ke gano sunan sinadarin da ke cikin ruwa da adadinsa, ya fi ƙarfina. An ba ni shawara in auna sinadaran enzaim, wato furotin da ke hanzarta ayyukan sinadarai, a jikin dodon koɗi ko wasu ƙananan halittun ruwa marasa ƙashin baya. Wannan hanyar tana aiki kuwa? Wane enzaim zan auna, yaya ake yi, kuma a ina ake yawan tuntuɓe?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shawarar da aka ba ka mai kyau ce, matuƙar ka ɗauki gwajin a matsayin rariya. Aikinsa ya tace maka wurare goma sha biyar, ya ware uku ko huɗu da suka cancanci ka kashe kuɗin GC-MS a kansu. Ba zai ba ka sunan maganin da ya shiga ruwan ba, balle adadinsa a cikin lita. Abin da zai tabbatar maka shi ne wani abu ya shiga jikin dabbar har ya taɓa ta.

Inda ya fi kwalbar ruwa shi ne wajen lokaci. Manomi ya gama feshi da yamma, ya ɗauraye tankinsa a bakin magudana, maganin ya bi ruwa ya wuce cikin sa'o'i kaɗan. Kai kuma ka zo bayan kwana biyu ka ɗebi ruwa, na'ura ta ce babu komai. DDVP ma, wanda shi ne ke cikin Sniper da fiya-fiya, yana saurin rushewa a ruwa mai ɗumi da ya ɗan karkata zuwa alkali. Ita kuwa dabbar da ke zaune a wurin tana ɗauke da tabon har kwanaki, wani lokaci makonni, domin sai jikinta ya ƙera sabon enzaim kafin ta dawo daidai.

Enzaim ɗin da za ka jingina aikinka a kansa shi ne asetilkolinestares, wanda ake taƙaitawa AChE. Jijiya tana aika saƙo da wani sinadari mai suna asetilkolin, shi kuma AChE aikinsa ya rushe wannan sinadarin da zarar saƙon ya isa. Magungunan ƙwari na dangin oganofosfet, irin su DDVP da kulofirifos da daimetowet, da na dangin kabamet irin su kabofuran, suna manne wa enzaim ɗin su hana shi aiki, sai jijiya ta yi ta harbawa har ƙwaron ya sandare. A cikin duk enzaim ɗin da ake aunawa a wannan fanni, shi ne wanda raguwarsa ta fi nuna yatsa ga wani rukunin magani takamaimai. Ka lura da wani abu tun yanzu: kulofirifos da daimetowet ba sa kama enzaim sosai sai jikin dabba mai rai ya sauya musu siffa tukuna. Shi ya sa idan ka zuba ruwan magudana kai tsaye a kan enzaim cikin kwalbar gwaji za ka iya rasa su gaba ɗaya, alhali dabba mai rai da ta zauna a ruwan za ta nuna su.

Zaɓen dabba shi ne wurin da ɗalibai suka fi yin asara. Dodon koɗi yana da sauƙin samu, yana da nama da yawa, ba ya gudu. Matsalarsa ita ce AChE ɗinsa ba ya jin oganofosfet kamar na ƙwari da jatan lande. Maganin da zai gama da tsutsar ƙwaro zai iya barin na dodon koɗi kusan yadda yake, sai ka rubuta cewa ruwan lafiya lau. Idan dole sai da shi za ka yi, ka haɗa da auna kaboksilestares, wanda a jikin masu ɓawo yakan riga AChE raguwa. Ana auna shi da sinadarin nitirofenil asetet a hasken da tsawon zangonsa nanomita 405 ne, da na'urar auna launi guda da za ka auna AChE da ita. Wadda ta fi dacewa da aikinka ita ce jar tsutsar nan da ke cikin laka, ta jinsin Chironomus. 'Yar ƙwaro ce, saboda haka tana jin maganin ƙwari, kuma tana zaune a cikin lakar da magunguna irin kulofirifos suke maƙalewa. Ƙananan jatan landen ruwan daɗi na jinsin Caridina su ma suna da kyau in akwai su a wurin.

Akwai gargaɗin da ba na kimiyyar enzaim ba, amma ya fi komai muhimmanci. Ƙananan dodon koɗin magudanan noman rani, na jinsin Bulinus da Biomphalaria, su ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Kada ka shiga ruwan ba dogon takalmin roba da safar hannu, musamman da tsakar rana lokacin da ƙwayoyin suka fi fitowa. Kuma kada ka kuskura ka ɗauki waɗannan jinsunan daga wani ruwa ka kai su wani da sunan gwaji. Ko ta fuskar sakamako ma, dodon koɗin da ke ɗauke da cutar sinadaran jikinsa sun riga sun hargitse.

Lambar da za ka samu daga na'ura ba ta da ma'ana ita kaɗai. Babu wani littafi da zai ce maka ga adadin AChE na lafiyayyar tsutsar Kadawa. Dole sai da abin kwatance: dabba iri ɗaya, girma ɗaya, a rana ɗaya, daga wurin da feshi ba ya kaiwa. A tsarin Kadawa ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, don haka babbar magudanar da ke sama da gonaki ita ce za ka fara dubawa, ka kwatanta ta da magudanan da ke kwashe ragowar ruwa bayan ya ratsa gonaki. Ko nan ɗin ma ka zagaya da ƙafa ka tabbatar ba a noma a gefensa.

Dabbobin da suka daɗe a wuri mai feshi suna da nasu tarkon. Waɗanda ba su da juriya sun mutu tuntuni, waɗanda ka tarar su ne masu taurin rai. An san wannan sosai a sauro, inda sauyi guda a ƙwayar halittar enzaim ɗin yake sa maganin ya kasa kama shi. Mafita ita ce keji. Ka yi kiwon tsutsarka a ɗakin gwaji cikin robobi masu wankakken yashi da ruwan da ba kulorin, kana hura masa iska, kana ba su garin abincin kifi kaɗan-kaɗan. Idan sun kai matakin girma na huɗu, wato na ƙarshe kafin su rikiɗe, ka zuba ashirin-ashirin a cikin guntayen bututun roba masu tsawon kamar santimita 10, ka rufe bakunan da raga mai ido maikuromita 250 zuwa 300, ka sa ɗan yashi a ciki, ka ɗaure a turke cikin ruwa na kwana biyu zuwa huɗu. Kowane wuri keji biyar aƙalla, kuma ka sa ran wasu za su ɓace, ko yara su cire ko ruwa ya janye ya bar su a tudu. Ka gaya wa masu gonakin da ke kusa abin da kake yi, zai rage maka wannan asarar. Ka ƙirga waɗanda suka mutu a kowane keji, domin mutuwar ita kanta sakamako ce. Ka kuma auna zafin ruwa da iskar oksijin da pH (ma'aunin tsami ko alkalin ruwa) ranar sakawa da ranar cirewa.

Daga bakin ruwa zuwa ɗakin gwaji, sanyi ne komai. Ka ɗauraye dabbobin da ruwa mai tsabta, ka tsane su a takarda, ka zuba a ƙananan kwalabe masu murfi, ka binne cikin ƙanƙara. In akwai ruwan naitirojin ko firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili, madalla. In babu, AChE yana jure wa firiza ta digiri 20 ƙasa da sifili na 'yan makonni, abin da ba ya jurewa shi ne narkewa da sake daskarewa. Da yanayin wutar lantarkinmu, ka daskarar da ruwa a kofi, ka ɗora kwabo a samansa ka bar shi cikin firizar. Ranar da ka tarar kwabon ya nutse, ka san samfuranka sun narke a bayan idonka. Mafi alheri ka tsara aikin yadda za ka auna cikin kwana ɗaya ko biyu da ɗebowa.

Gwajin kansa hanyar Ellman ce ta 1961, kuma har yau ba ta canza sosai ba. Ana ba enzaim ɗin wani sinadari mai kama da abincinsa, asetiltayokolin. Idan ya rushe shi, abin da ya fito sai ya haɗu da wani sinadarin mai suna DTNB ya ba da launin rawaya, na'ura kuma ta auna saurin ƙaruwar launin a nanomita 412. In na'urarka matatar 405 ko 414 gare ta, za ta yi.

Ka niƙa nama miligiram 100 a cikin mililita 1 na ruwan bafa na fosfet (ruwan da ke hana pH canzawa), ƙarfin mola 0.1, pH 7.2 zuwa 7.4, kwalbar tana cikin ƙanƙara. Ka ƙara sabulun ɗakin gwaji mai suna Triton X-100 kashi 0.1 cikin 100 domin ya saki enzaim ɗin da ke manne a jikin fatar ƙwayoyin halitta. Ga tsutsa, ka haɗa kawuna goma zuwa ashirin a matsayin samfur ɗaya, ka rage ruwan bafar daidai da ƙanƙantarsu. Ka juya a na'urar sentirifuj a ƙarfin g 10,000 (ninkin ƙarfin jan ƙasa sau 10,000) na minti 20 a digiri 4, ka kwashi ruwan saman ka bar dusar. Ka duba ko na'urar g take nunawa ko yawan juyi a minti, domin ba abu ɗaya ba ne, kuma mutane da yawa suna rubuta ɗaya a madadin ɗayan.

Sai haɗin gwaji. DTNB miligiram 39.6 a cikin mililita 10 na bafa, tare da sodiyam baikabonet miligiram 15, shi ne milimola 10. Asetiltayokolin ayodaid miligiram 21.7 a cikin mililita 1 na tataccen ruwa, shi ne mola 0.075, kuma a ranar gwaji ake haɗa shi. Ka gauraya bafa mililita 30, DTNB mililita 1, asetiltayokolin mililita 0.2. A faranti mai rami 96, kowane rami ka zuba samfur maikurolita 50 da wannan haɗin maikurolita 250, ka karanta kowane minti ɗaya har minti goma. Ka zana sakamakon ka gani da idonka cewa layin miƙaƙƙe ne. In ya lanƙwasa ya kwanta, samfurin ya yi kauri, ka tsarma shi ka sake.

Ramukan kwatance iri biyu kake buƙata, kuma rashinsu ne ya fi lalata irin wannan aikin. Na farko babu samfur, bafa ce kawai da haɗin, domin asetiltayokolin yana rushewa da kansa a hankali, musamman in pH ya kai 8. Na biyu akwai samfur da DTNB amma babu asetiltayokolin, domin naman dabba yana da sinadarai masu sulfa, irin su gulutatayon, da ke ba da rawaya ba tare da wani enzaim ba. Saboda wannan dalilin ne ma ba a sa DTT ko makaftoetanol, waɗanda su ma masu sulfa ne, a bafar niƙa. Idan ka kwafo tsarin bafa daga aikin wani enzaim dabam mai ɗauke da su, duk farantinka zai yi rawaya kafin ka kai shi na'ura. DTNB kuma ba ya son haske, ka naɗe kwalbarsa da takardar alminiyam. Sannan ga batun jini: jar tsutsar nan, haka ma Bulinus da Biomphalaria, suna da himogulobin, wanda yake shanye haske dab da nanomita 412. Shi ya sa ake yanke kan tsutsar kawai, inda enzaim ɗin ya fi yawa jinin kuma ya fi ƙaranci, kuma shi ya sa ake auna saurin canji maimakon karatu guda.

Sau ɗaya a farkon aikin, ka gwada samfurinka da eserin, sinadarin da ke hana enzaim na dangin kolinestares aiki, maikuromola 10. In aikin enzaim ɗin ya kusa tsayawa cak, to lalle kolinestares kake aunawa. In rabi ya rage, akwai wasu enzaim da ke cin sinadarin tare da shi, kuma lambobinka gauraye ne.

Dole a raba sakamako da yawan furotin da ke cikin samfur, in ba haka ba babbar dabba za ta fi ƙarama ko da guba ta taɓa ta. Hanyar Bradford ta 1976 ake bi, a nanomita 595, da furotin jinin shanu mai suna BSA a matsayin ma'auni. Triton yana dagula wannan gwajin in ya yi yawa, don haka ka haɗa ma'aunin naka a cikin bafar da ka niƙa naman da ita. Ga misalin lissafi, da lambobin da aka ɗauka don koyarwa kawai. A ce launi yana ƙaruwa da 0.030 a minti bayan an cire na ramukan kwatance, tsawon hanyar haske a ramin santimita 0.9, ƙimar shan hasken launin kuma 13.6 ga kowace milimola. Ka raba 0.030 da 13.6 sau 0.9, ka samu 0.00245. Ka ninka da mililita 0.3 da ke ramin, ya zama nanomol 0.735 a minti. In samfurin yana da furotin miligiram 1 a mililita, to maikurolita 50 na ɗauke da miligiram 0.05, sakamako ya zama nanomol 14.7 a minti ga kowane miligiram. In na wurin kwatance 20 ne, raguwar ta kai kashi 26.5 cikin 100.

Yawancin masu wannan aiki suna ɗaukar raguwar da ta haura kashi 20 cikin 100, wadda lissafin ƙididdiga ya goyi baya, a matsayin alamar cewa dabbar ta haɗu da irin waɗannan magunguna. Ƙasa da haka, bambancin da ke tsakanin dabba da dabba kaɗai ya isa ya haifar da shi. Kuma ramuka uku na samfur ɗaya ba maimaici uku ba ne, samfur ɗaya ne aka auna sau uku. Maimaicin gaske shi ne keji dabam-dabam. Zafin ɗaki ma yana wasa da lambobi: enzaim ɗin da aka auna a Kano cikin Afrilu zai fi wanda aka auna cikin hunturu sauri, ko da dabba ɗaya ce. Ka tsayar da gwajin a digiri 25 in na'urar tana iyawa, ka cakuɗa samfuran wurare dabam-dabam a faranti ɗaya, kuma ka ajiye wani samfur guda da ka rarraba ƙanana-ƙanana, kana sa ɗaya a kowane faranti don ka gane ranar da na'ura ko haɗinka ya kauce.

Kabamet yana da wayo: kamun da yake wa enzaim ba mai ɗorewa ba ne, yana sakewa idan samfur ya tsarmu ya daɗe a ɗumi. Ka niƙa ka auna da wuri, in ba haka ba raguwar za ta gudu a gabanka. Oganofosfet kuwa ana iya tabbatar da shi da firalidoksim, maganin da likitoci ke ba wanda ya sha irin wannan gubar. Ka raba samfur biyu, ka sa wa rabi, ka bar shi kamar rabin sa'a. In aikin enzaim ya farfaɗo, hujjarka ta ƙara ƙarfi ƙwarai. Sai dai firalidoksim da kansa yana rushe asetiltayokolin, don haka yana buƙatar nasa ramin kwatance, kuma in gubar ta daɗe a jikin enzaim ɗin ba ya farfaɗowa.

Za ka ga ayyuka da yawa sun haɗa da GST da katales, wasu enzaim biyu da ke taimaka wa jiki kare kansa daga guba. GST ana auna shi da hanyar Habig ta 1974: CDNB da gulutatayon milimola ɗaya-ɗaya, pH 6.5, nanomita 340, kuma ka kiyayi CDNB ya taɓa fatarka. Katales kuma ana bin ɓacewar haidirojin feroksaid a nanomita 240, wanda sai da kwalbar kwaz, roba ba ta barin wannan hasken ya wuce. Ka auna su in kana da hali, amma kada ka ɗora musu nauyi. Suna tashi da gurɓata kaɗan, su faɗi da gurɓata mai yawa, don haka lamba tsaka-tsaki tana iya zama ruwa mai tsabta ko dabbar da ta galabaita. Yunwa da zafi da ƙarancin iska duk suna motsa su.

Ka kuma rubuta a fili abin da AChE ba ya gani, domin masu jarrabawa za su tambaye ka. Lamda-saihalotirin da sauran fairitiroid, waɗanda manoman tumatir ke amfani da su sosai, ta wata hanya suke kisa. Haka imidakulofirid, haka lindan na Gammalin, haka magungunan ciyawa irin su gilaifoset da farakwat. Lafiyayyen AChE tare da matattun tsutsotsi a keji alama ce ta ka nemi waɗannan. Don haka tun kafin ka fara, ka zagaya shagunan maganin gona na Kura da kewaye, ka tsinci kwalaben da aka yar a bakin gonaki, ka rubuta sinadaran da ke jikinsu. In da a kogin Challawa kake aiki, inda damuwar ita ce kuromiyam na masana'antun jima, da auna ƙarfen kai tsaye ya fi sauƙi da inganci. Gwajin nan kuma ba ya cewa komai a kan ƙwayoyin kwalara ko taifot, ba a yanke hukuncin ruwan sha da shi. Ma'aunin ma dabam ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kulofirifos a ruwan sha maikurogiram 30 a lita, alhali kusan maikurogiram 1 ya isa ya kashe ƙumar ruwa ta jinsin Daphnia cikin kwana biyu.

Tunda hukumomi irin su NESREA, mai kula da dokokin muhalli a Najeriya, sunan sinadari da adadinsa suke aiki da shi, ka shirya wa tabbatarwa tun daga farko. Ranar saka keji da ranar cirewa, ka ɗebi ruwa lita ɗaya a kwalbar gilashi mai duhu, da laka kaɗan a wata kwalbar gilashin, a kowane wuri. Roba tana shanye maganin, kada ka yi amfani da ita. Ruwan ka ajiye shi a digiri 4 ka tace sinadaransa cikin kwana bakwai, lakar kuma ka daskarar, domin ta fi ruwa riƙe kulofirifos. Idan sakamakon enzaim ya fito, na wuraren da suka nuna raguwa kaɗai za ka aika GC-MS, tare da na wurin kwatance guda ɗaya.